Tabon da Ya Ƙi Fita: Yadda Ake Ceto Fentin Motocin da Aka Yi Watsi da Su a Yola da Jimeta

YOLA — A cikin gidaje da harabar ofisoshi da bayan garejin makanikai na Yola da Jimeta akwai motoci da dama da suka shafe shekaru a tsaye, tayoyinsu sun sace, ƙura ta lulluɓe su, wasu ma kaji sun mayar da ƙarƙashinsu wurin shan inuwa. Tun daga tsakiyar shekarar 1986 zuwa yau, duk lokacin da darajar naira ta faɗi, masu irin waɗannan motoci kan waiwaye su, wasu domin su ci gaba da hawa, wasu kuma domin su sayar su sami jari.

Gyaran inji da birki abu ne da makanike ya san kansa, kuma mai mota kan ga abin da aka canza da idonsa. Inda ake tafka asara ba tare da an ankara ba shi ne jikin motar, a lokacin da aka zo goge ta domin ta dawo da sheƙinta. A nan ne ake cin karo da tabon da ya ƙi fita duk da wanki da guga, kuma a nan ne mai aiki marar haƙuri kan kai hannu ga tina ko samfefa, ya cinye cikin mintoci kaɗan abin da ya fi komai daraja a jikin tsohuwar mota, watau fentinta na asali.

Dalilin komawa ga tsofaffin motoci

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma a shekarun da suka biyo baya ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin muƙami kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwar 504 a leda. Wannan zamani ya fara gushewa bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, inda darajar naira ta zube, sabuwar mota ta gagari jama'a, kasuwa kuma ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam.

Su ma waɗannan motoci tsadarsu ta yi ta ƙaruwa. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur, sa'an nan a watan Yunin wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake da dala ake sayo mota a waje, kuma da canjin dala ake lissafa kuɗin fito a kwastan, farashin motocin Beljiyam ya ninka, ya kuma jawo farashin motocin da aka hau a cikin gida ya bi sahu.

Sakamakon haka, motar da aka jingine a bayan gida a Karewa ko Bekaji saboda matsalar giya ta zama kadara mai daraja. Amma farashin da za ta yi a hannun dillalai ya danganta ƙwarai da abin da mai saye zai gani da farko, watau jikinta.

A kasuwar motoci ta Nijeriya, motar da ke ɗauke da fentin kamfani ta fi wadda aka sake wa fenti daraja, ko da kuwa sabon fentin ya fi ƙyalli. Dalili shi ne, fentin asali shaida ce cewa motar ba ta taɓa yin mummunan haɗari ba, alhali sabon fenti kan iya ɓoye walda da fila da tsatsa. Shi ya sa gogaggen mai saye kan buɗe ƙofa ya duba bakinta, ya ɗaga robar gilashi ya ga ko akwai feshin fenti a kai, ya kuma bi jikin motar da maganaɗisu, domin maganaɗisu ba ya kamawa sosai a inda aka cika da fila. Duk ɓangaren da aka gano an sake wa fenti ya zama hujjar neman ragi. Ke nan wanda ya ƙone fentin bonet wajen cire tabo ya jawo wa mai motar asara biyu: kuɗin sake fenti, da kuma ragin da za a yi masa ranar sayarwa.

Kaurin fenti bai wuce na takarda ba

Kafin a fahimci yadda tabo ke kama jikin mota, wajibi ne a san yadda fentin yake. A motocin zamani, fentin kamfani hawa huɗu ne. Akwai shafen farko da ke kare ƙarfe daga tsatsa, sai shimfiɗa mai launin toka wadda fenti ke kamawa, sai launin kansa, sa'an nan a sama da su duka akwai wani rufi garai-garai kamar gilashi, wanda shi ne ke ba mota ƙyalli yake kuma kare launin daga hasken rana. A kamfani ana gasa waɗannan a zafin da ya kai kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, abin da ke sa su yi taurin da fentin gareji ba ya kaiwa.

Idan aka haɗa hawa huɗun, kaurinsu kan kasance tsakanin maikiron 100 da 150, shi kuwa maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fallen takardar ofis guda ɗaya kaurinsa kimanin maikiron 100 ne. Rufin ƙyalli shi kaɗai yawanci tsakanin maikiron 35 ne da 50, watau bai kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Goge mota da man guga ba ƙara mata komai yake yi ba. Kankare saman wannan rufi yake yi kaɗan-kaɗan har ya daidaita da ƙasan zanen da ake son ɓatarwa. Manyan kamfanonin motoci kan yi gargaɗin kada a kankare fiye da kimanin maikiron 10, domin kada rufin ya rasa ƙarfin kare launin daga rana. Abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan.

Sai dai ba kowace mota ce ke da wannan rufi ba. Ya yaɗu ne a masana'antun motoci a shekarun 1980, saboda haka yawancin tsofaffin 504 da Bitil, da wasu fararen motocin ɗaukar kaya, da kuma motocin da aka sake wa fenti mai araha, launi da ƙyallinsu a haɗe suke a hawa guda. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a sa ɗan man guga a farin tsumma a murza a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan launin motar ya fito a tsumman, fentin mai hawa guda ne. Idan tsumman bai ɗauki launi ba, akwai rufin ƙyalli. Fenti mai hawa guda kan koɗe ya yi fari kamar an barbaɗa masa alli, amma sau da yawa yakan farfaɗo da guga fiye da yadda ake zato.

Abin da yanayin Yola ke yi wa fenti

Yola na cikin garuruwan da suka fi zafi a Nijeriya. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma jikin baƙar mota da ke tsaye a rana kan iya wuce digiri 70. A irin wannan zafi fenti kan yi laushi, duk abin da ke kansa ya nutse a ciki, sa'an nan da dare ya huce ya ƙame da shatin abin a jikinsa. Wannan ne ya sa kashin tsuntsu, wanda dama yana da sinadari mai tsami, kan bar tabo cikin kwanaki kaɗan, balle a motar da ta shekara ba a wanke ta ba.

Da hunturu kuma iska kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. Ƙurar da ke kwance ba ta yin lahani sosai. Lahanin yana zuwa ne lokacin da yaron gida ya ɗauki busasshen tsumma ya share ta, domin kowane ɓarɓashi ya zama kamar haƙorin samfefa. Wanda ya guje wa rana ya ajiye motarsa a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, shi kuma ya haɗu da ƙaro da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da kashin tsuntsaye da na jemage. Wanda ya lulluɓe ta da tamfol ya bar ta har damina ta wuce, yakan tarar danshi ya bar mata fararen gizagizai, iska kuma ta yi ta goga tamfol ɗin a kan ƙura har gefunan motar suka kuje.

Akwai kuma tabon da harkokin gari ke jawowa. Ayyukan tituna da gadojin sama da aka yi a Jimeta daga 2019 zuwa yau, da gine-ginen da ke tashi a sababbin unguwanni, sun sa fantsamar kwalta da ruwan siminti da feshin fentin gida sun zama ruwan dare a jikin motoci. A cunkoson kewayen babbar kasuwar Jimeta da tashar Jambutu, abu ne mai wuya mota ta daɗe ba ta gogu da Keke Napep ba, wanda kan bar mata zanen rawaya a bamba ko ƙofa. Motar da aka jingine kusa da masu walda kuwa, tartsatsin ƙarfe kan nutse a fentinta ya yi tsatsa, ya bayyana kamar ɗigon jan barkono, musamman a farar mota.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin maganinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke su duka a matsayin abu guda, a far musu da magani guda.

A san tabon kafin a taɓa shi

A ɗauki misalin farar Toyota Corolla da ta yi shekara uku a ƙarƙashin darbejiya a wani gida a Jimeta, aka kuma yi gini a maƙwabta a tsawon wannan lokaci. Matakin farko shi ne a tura ta inuwa a bari jikinta ya huce, sa'an nan a kwarara mata ruwa mai yawa kafin hannu ya taɓa ta. A yi amfani da sabulun wanke mota da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, a fara daga sama a gangaro ƙasa. Garin sabulun wanki da soson kwanuka ba su da wuri a wannan aiki. Idan ruwan rijiyar burtsatse ne, a tsane shi nan take, domin in ya bushe da kansa yakan bar zoben gishiri.

Bayan wanki ne ainihin tabon zai bayyana, kuma akwai gwaji uku da ba sa bukatar ko kwabo. Na farko, a sa hannu cikin leda marar kauri a shafa jikin motar. Duk abin da ke manne a saman fenti za a ji shi kamar tsakuwa. Na biyu, a bi zane da farce a hankali. Idan farcen ya maƙale, zanen ya yi zurfin da guga ba zai fitar da shi gaba ɗaya ba. Na uku, a zuba ruwa a kan zanen. Idan ya ɓace yayin da yake jiƙe, a cikin rufin ƙyalli kawai yake, idan kuwa ya ci gaba da bayyana fari ko toka-toka, ya ratsa launi.

Waɗannan gwaje-gwaje kan raba tabo gida uku: wanda ke zaune a saman fenti, wanda ya ci cikin rufin ƙyalli, da wanda ya huda ya kai shimfiɗa ko ƙarfe. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da magani mafi sauƙi, a wuri ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannu biyu ba, kada a matsa zuwa mai ƙarfi sai mai sauƙin ya gaza.

Tabon da ke saman fenti shi ne mafi yawa, kuma narkar da shi ake yi ko a ɗauke shi, ba a kankare shi. Kwalta kan narke da ɗan kananzir a tsumma, a bar shi minti ɗaya ko biyu, a share, a wanke wurin da sabulu nan da nan. Ƙaron itace kan saki da sifirit. Busasshen kashin tsuntsu a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma har ya yi laushi, domin yakan ƙunshi yashi. Ruwan siminti da zoben gishirin ruwa kuwa abu mai ɗan tsami ke karya su, kamar ruwan khal da aka surka da ruwa, ana jiƙawa ana jira ana maimaitawa, ba tare da an kai reza ko wuƙa wurin ba. Fentin bango na ruwa kan jiƙu da ruwan ɗumi da sabulu. Tartsatsin ƙarfe akwai ruwan magani na musamman da ke narkar da shi.

Abin da ya rage bayan wannan, kamar feshin fentin mai da ya bushe, ana ɗauke shi ne da wani irin yumɓu na roba da aka ƙirƙiro a Japan domin wannan aiki. Ana jiƙa wurin da ruwan sabulu, a riƙa zamar da yumɓun a kai ba tare da dannawa ba, yana tsinke duk abin da ya ɗago sama. In ya yi datti a naɗe shi a fito da sabuwar fuska. In ya faɗi ƙasa a jefar da shi, domin ya riga ya kwashi yashi.

Zanen Keke Napep kan tsorata mai mota fiye da kima. Sau da yawa fentin keken ne ya shafu a saman na motar, na motar kuwa yana nan lafiya a ƙarƙashi. Ɗan man guga a tsumma mai laushi, ana murzawa da yatsu biyu, kan ɗauke shi. Sai bayan rawayar ta tafi ne za a ga ko akwai zane na gaskiya a ƙasa.

Tabon da ya ci cikin rufin ƙyalli, kamar shatin kashin tsuntsu ko zane mai kama da saƙar gizo, shi ne ke bukatar guga. Ana farawa da man guga mai laushi, in bai yi ba a koma mai kaushi, sa'an nan a dawo mai laushi domin a share sawun mai kaushin. Samfefa mai lamba 2000 ko 3000, wadda ake jiƙawa da ruwa, ita ce matakin ƙarshe, kuma aikin gwani ce. Bakin ƙofa da ƙugiyar bonet da duk inda ƙarfe ya lanƙwasa a rufe su da tef, domin a nan ne fenti ya fi siranta.

Tabon da ya kai shimfiɗa ko ƙarfe ba shi da magani a guga. Haka nan rufin ƙyallin da rana ta kashe, wanda ke yin fari-fari yana ɓarewa a saman mota da bonet da but kamar saɓar maciji. Ƙaramin zane a cike shi da ɗigon fenti mai launin motar domin a tare tsatsa. Babban wuri kuwa a sake wa wannan ɓangare kaɗai fenti, a bar sauran jikin da fentinsa na asali.

Idan tabon ya yi taurin kai

Akwai alamu da ke gaya wa mai aiki abin da ke faruwa a ƙarƙashin hannunsa. Idan zane ya ɓace bayan guga amma ya dawo bayan wanki biyu ko uku, to, dama bai fita ba. Maiƙon da ke cikin man gugan ne ya cike shi na ɗan lokaci. Shafa wurin da sifirit da aka surka da ruwa zai nuna gaskiyar lamarin tun kafin a biya kuɗin aiki.

Idan an goge sau biyu ko uku tabo bai rage ko kaɗan ba, akwai yiwuwar a ƙarƙashin rufin ƙyalli yake, kamar sawun samfefar wani tsohon gyara da aka fesa fenti a kansa. Ci gaba da guga a nan ɓarna ce kawai. Idan launin mota ya fara fitowa a soson inji alhali gwajin farko ya nuna tana da rufin ƙyalli, an riga an huda rufin, sai a dakata nan take. Idan wurin ya yi danƙo yana kama tsumma, alama ce ta fentin gareji da bai gasu ba, wanda ba ya jure zafin inji ko kaifin sinadari. Idan kuma aka fito da mota rana aka ga wasu layuka na walƙiya suna bin ido, sawun inji mai juyi ɗaya ne da aka yi gudu da shi, kuma man guga mai laushi zai gyara.

Masu hali daga cikin masu sana'ar kan yi amfani da wata 'yar na'ura mai auna kaurin fenti. Idan ta nuna tsakanin maikiron 100 da 150, galibi fentin kamfani ne. Idan ta haura 200, mai yiwuwa an sake fenti. Idan ta kai ɗaruruwa masu yawa, akwai fila. Idan kuwa ta nuna ƙasa da 80, an sha goge wurin a baya, saura kaɗan ya ƙare. Wani lokaci hukunci mafi riba shi ne a rage tabon ya dusashe a bar shi haka, domin ɗan tabo a fentin asali ya fi bonet da aka sake wa fenti daraja a kasuwa. Garin neman gira ne ake rasa ido.

Gajerun hanyoyi masu tsada

Abubuwa huɗu ne suka fi lalata fenti a hannun masu gaggawa. Tina kan ɗauke tabo cikin daƙiƙa, amma tana narkar da fentin gareji tare da shi, tana kuma dusashe roba da murfin fitila. Man birki kan saɓule fenti har ƙarfe, ko da ɗigowa ya yi bisa kuskure aka bar shi. Soson waya da koren soson kwanuka kan bar zanen da sai an kankare rufi mai yawa kafin ya fita. Na huɗu shi ne ɗaura soson guga a kan injin yankan ƙarfe, wanda ke juyi fiye da sau 10,000 a minti ɗaya, alhali injin guga na ainihi ana aiki da shi ne tsakanin juyi 1,000 da 2,000. Zafin da wannan ke haifarwa kan ƙone fenti kafin mai aikin ya ɗaga hannu.

Ba jahilci kaɗai ke jawo waɗannan ba, har da lissafin kasuwa. Man guga mai kyau da yumɓu da soson inji daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma ya bi dala. Wanda ke aiki da janareto yana ƙona fetur, wanda litarsa ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ga shi kuma a kan kowace mota ake biyan kuɗin aiki, ba a kan awowin da aka ɓata ba. Aikin da ya kamata ya ci yini biyu, sai a matse shi cikin awa uku, domin mai motar da kansa ya taya aikin da kuɗin wanki. A nan araha ba ta ado: kuɗin sake fentin ɓangare guda kan ninka bambancin da aka yi ta ciniki a kai.

Saboda haka ya kamata mai mota da mai aiki su zagaya motar tare bayan wanki, su ware tabon da zai fita, da wanda zai ragu kawai, da wanda sai mai fenti, a kuma gwada wuri guda mai motar ya gani kafin a yanke farashi. Har ila yau, da yake yawancin matasan da ke wannan sana'a a wuraren wankin mota suka koye ta ta hanyar kallo, hukumomin horar da ma'aikata irin su asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, da hukumar samar da aikin yi ta NDE, za su yi amfani idan suka sanya gyaran fenti cikin sana'o'in da suke koyarwa. Jarinsa bai kai na buɗe garejin fenti ba, ga kuma kasuwa a buɗe.

Abin da sheƙi ba ya gyarawa

Akwai gargaɗi ga masu saye. Yola da Jimeta suna gaɓar kogin Binuwai ne, kuma sun sha fama da ambaliya, musamman a 2012 da 2022 lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, sai kuma ambaliyar watan Yulin 2025 da ta shafi unguwanni irin su Shagari da Yolde Pate. Motar da ruwa ya shanye kan bar shatin laka a ƙofofinta, kuma wannan shati yana fita da guga cikin sauƙi. Abin da ba ya fita shi ne lahanin da ruwan ya yi wa wayoyin lantarki da kwamfutar inji. Mai saye ya ɗaga kafet, ya duba ramin safaya da ƙarafan ƙarƙashin kujera, ya kuma shinshina cikin motar bayan an rufe gilasai. Dillalin da ya goge irin wannan mota ya ɓoye tarihinta ya yi algus, kuma a gari irin Jimeta inda kowa ya san kowa a harkar, sunansa ne zai biya.

Idan aka koma ga farar Corolla ta ƙarƙashin darbejiya, abin da aikin haƙuri zai iya yi mata a bayyane yake. Ƙaro da siminti da feshin fentin maƙwabta za su fita sarai. Saƙar gizon da busasshen tsumma ya bari za ta ɓace da guga. Shatin kashin tsuntsu biyu ko uku a bonet za su dusashe amma ba za su tafi duka ba. Saman motar, idan rufinsa ya fara ɓarewa, sai mai fenti. Daga nan a shafa mata kakin kariya, a riƙa sabunta shi duk bayan wata biyu ko uku saboda zafin garin, sai dai ɓangaren da aka sake wa fenti a ba shi kimanin wata guda kafin kaki ya hau kansa. A nema mata rumfar kwano maimakon inuwar itace, a kuma cire kashin tsuntsu a ranar da ya sauka.

Mai motar zai kai ta gaban dillali da ƙofofi huɗu da bonet da but duk a fentinsu na kamfani, abin da kowane mai saye zai iya tabbatarwa da idonsa da maganaɗisunsa. A kan wannan ne za a yi cinikin.